Kayen da Na Sha a Kpalime

Daga Zongo

Ana kiran assalatu Inna ta tashe ni, ta ƙulle mini gari da ƙuli-ƙuli a bakin zane. Lokacin ina makarantar sakandare a unguwar Tokoin, a babban birni, an zaɓi mu biyu daga ajinmu, ni da ƙawata Afi 'yar Kodjoviakopé, mu je zaman koyon jawabi da muhawara na babban hutu a Kpalime. A shekarar, raɗe-raɗi ya cika unguwarmu cewa gwamnati za ta tashi Zongo daga tsakiyar gari. Ba mai faɗa da ƙarfi, don ƙasar jam'iyya ɗaya ce, ba ka san wa ke kai rahoton wa ba.

Baba ya raka ni tasha, muka shiga a-kori-kura mai rufin tamfol tare da mata 'yan kasuwa. A Assahoun jandarmomi suka tare mu. Ɗaya ya dubi sunana a katin shaida, ya dube ni.

"Rakiya? Ke 'yar ƙasar nan ce kuwa?"

Na amsa masa da yaren Mina, harshen mutanen garinmu, cewa a asibitin Tokoin aka haife ni. Afi ta ce, "Ta ma fi ni iya cin akume," wato tuwon masararsu. Jandarman ya yi dariya ya miƙo katin, muka wuce.

Kpalime

Kafin azahar muka isa. An sauke mu a wata makarantar kwana a gindin duwatsu, ga sanyi, ga yayyafi ba dare ba rana. Shugabar zaman Madam Akosiwa ce, doguwa, mai ƙaramar ƙararrawa a hannu.

Kullum da safe sai a fara da waƙoƙin jam'iyya da tafi a fili. Daga nan Madam ta jera mu a bakin rafi, kowa ya ɗaga murya har ta fi ƙarar ruwa. In ka ce "eee" a tsakiyar zance, ta kaɗa ƙararrawa, ka koma farko. Da rana sakwara, ni kuwa da miyar kifi nake ci saboda ban san wa ya yanka naman ba. Da la'asar muhawara da Faransanci, wanda ya yi yarensu ya wanke kwanoni.

Gadonmu ɗaya da Afi. A wajen wanki na riƙa ba ta labarin gida: kakata da ke sayar da koko a ƙofa guda tun kafin a sami 'yancin kai, da makwabcinmu makaho da ya haddace kowane lungu da ƙafarsa. Hira ce kawai ta ƙawaye.

Ranar ƙarshe

Muna karyawa wata baƙar mota ta shigo. Wakilin jam'iyya ne na yankin, ya zo kallon gasar ƙarshe, kuma ya zo da nasa batun: ko ya dace a rushe tsofaffin unguwanni don a gyara babban birni. Ni da Afi muka kai ƙarshe. Aka yi ƙuri'a, ni na sami goyon bayan rushewa, ita ta sami suka.

Na tashi na faɗi abin da rediyo ke faɗa: tituna, tsabta, ci gaba. Da Afi ta miƙe sai ta manta wa ke zaune. Ta kawo kakata, ta kawo makahon. Ta ce, "In kun kai shi daji, wa zai koya wa ƙafarsa sabuwar hanya?" Ɗalibai suka fara tafi, suka ga wakilin bai motsa ba, tafin ya mutu.

Ya cire tabarau. "Yarinya, ke ba 'yar Zongo ba ce. Wa ya ba ki waɗannan labarai?"

Ni ce na ba ta su. Abin da ke raina shi ne rumfar Baba a kasuwa, da mutanen da aka ɗauka ba su dawo ba.

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Madam Akosiwa ta taso tana murmushi kamar ba komai.

"Ranka ya daɗe, rabin wasan ka gani. A nan ba ra'ayi muke koyarwa ba, iya magana muke koyarwa. Yanzu za su yi musaya. Rakiya, ke za ki soki rushewa. Afi, ke za ki goyi baya."

Ba mu taɓa yin haka ba tun zuwanmu. Da ta zo gyara mini tsayuwa sai ta matse mini kafaɗa har na ji zafi. Na gane: so take in sha kaye, Afi ta wanke kanta a idon wakilin.

Ni da na san kowace ƙofa a Zongo, na tsaya ina in-ina. Na ce gidajen sun tsufa amma dai akwai inuwa. Na ce "eee" har sau nawa, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Aka yi mini dariya, na zauna.

Afi ta tashi ta yi kaca-kaca da mu. Ta ce Zongo kwata ce da sauro, matattarar baƙi, kunyar babban birni. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Wakilin ya miƙe yana tafi, ya ba ta kyautar ƙamus da hannunsa.

"Ka ga yarinya mai kai," in ji shi. Ni kuwa ya ce in ƙara ƙoƙari.

Komawa

Washegari da sassafe muka kamo hanya. Muka iso Assahoun. Jandarmomin ko katinmu ba su duba ba. Mun kusa Avédji, a bakin garinmu, Afi ta ce a hankali, "Rakiya, abin da na faɗa..."

"Na sani."

"Ban san zan iya faɗarsa da daɗi haka ba. Shi ne ya ba ni tsoro."

Da motar ta tsaya Afi ta ƙi wucewa gida, ta bi ni har Zongo. Muka tarar da kakata tana wanke tukunyar koko. Afi ta durƙusa ta gaishe ta, ta fashe da kuka. Tsohuwa ba ta san dalili ba, ta ce, "'Yar nan yunwa ce, ku zubo mata tuwo."

Baba ya dawo daga sallar la'asar, na ba shi labari tun daga farko. Da na gama sai ya tambaye ni.

"To wa ya ci?"

"Afi ce, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, ya shafa fuska da hannu biyu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Madam Akosiwa, wadda ban sake gani ba, da Afi, wadda ta zagi unguwarmu a gaban jama'a don Baba ya kwana a gidansa.