Esi Na Biyu a Rufin Delmar

Delmar Hruska bai taɓa zama a kujerar fasinja ba, kuma ba zai bari ka shanye kofinka bai sanar da kai hakan ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan tankar madara a Nebraska, ya yi ritaya da ƙaton tumbi da ra'ayi a kan komai. Daga nan ya sayi motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki. Duk Nuwamba, sanyi na kawo kai, sai ya ɗauki matarsa Verna su gangaro kudancin Texas, sansanin motocin da ke bayan Harlingen. Afrilu na kamawa su juya arewa tare da sauran tsofaffi, kafin zafi ya fara dafa mutum da ransa.

Waɗanda ba sa juyawa su ne abin nishaɗinsa. Wanda ba shi da gidan komawa da wanda ciwo ya zaunar, duk ya haɗa ya raɗa musu suna "ragowar tukunya". Daga nesa yake gane su, domin duk motar da ka ga esi, na'urar sanyaya ɗaki, har biyu a rufinta, mai ita a nan yake shan zafin shekara. Shekara goma sha ɗaya yana zaga layi da yamma, hannu a baya, yana nuna rufin mutane da haɓa. Mutum ne mai arhar raini, ba ya ma jira a taya.

To, a watan Maris likita ya leƙa idonsa ya ce tsakiyar ganin ta tafi, ba kuma za ta dawo ba. Lasin tuƙinsa na gab da ƙarewa, ba mai sabunta masa. Namijin duniya ya ninke takardar likitan ya cusa ƙarƙashin kujerar direba, ya dawo ya ce wa Verna injin ne ke son wani ƙarfe da sai an aiko daga nesa. Abin da yake tsoro ɗaya ne a duniya: kada matar da ya hana taɓa sitiyari shekara arba'in da shida ta san ba zai iya mai da ita gida ba. Ya gwammace ta gasu a Texas da ta ji gaskiya daga bakinsa.

Ƙarfen injin bai iso ba, esi ne ya iso. Masu kawo kaya suka ɗora masa shi a rufi, saitin tagar iska ta ɗakin kwana, suka kama gabansu. Delmar ya hau tsani da filaya da sukudireba, yana laluben kowane mataki da ƙafa.

Odell na mota ta kusa, wanda ciwon huhu ya zaunar a sansanin shekara shida, ya jawo kujerarsa bakin inuwa ya miƙe ƙafa.

"A'a, maƙwabci! Me nake gani haka? Ko tukunyar ce ta yi sabon baƙo?"

"Darajar mota nake ƙarawa," in ji Delmar. "Ba kowa ne ya san harkar ba."

"Allah Sarki. To mai harka, kada ka haɗa shi da layin na farko. Wutar da sandar lantarkin sansani ke ba ka ba ta ɗaukar biyu, kana kunnawa za ta katse. Ja masa wayarsa daban zuwa ƙaramin soket."

"Na sani! Tun kana rarrafe nake haɗa waya."

Bai sani ba. Amma ya bi maganar sak, yana gunaguni kamar shi ya ƙirƙiro ta. Ya cire murfin tagar, ya zaunar da esin, ya zuro waya, ya sauko ciki zai haɗa. Nan ne aikin ya tsaya cak. Wayoyi uku ne, baƙa da fara da koriya, kowacce da wurinta. Farar yana ɗan hango ta. Sauran biyun kuwa, ya juya su, ya kai su bakin taga, ya karkata kai kamar kaza, duk abu ɗaya yake gani. Gumi ya jiƙa masa riga. Odell na nan waje, kira ɗaya zai zo, amma Delmar ya fi son wuta ta ja shi da ya kira shi.

Verna na zaune bakin gado tana ninke kaya.

"Ke, tsohuwa, riƙe mini koriyar nan, hannuna ya cika."

Ta dubi hannun nasa. "Wadda ka miƙo mini baƙa ce, Del."

"Hasken ɗakin nan ne ba shi da kyau."

"Rana tsaka ce."

Ya sake juya wayoyin a hannunsa. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da jera rigunanta cikin akwati. Sai a lokacin ya lura akwati ne.

"Sati uku ke nan da na ga takardar, ranar da nake shara," ta ce. "Kullum da safe in na ajiye maka kofi sai in ce yau zai faɗa mini. Sai ka kama zancen inji. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce Verna, ba na gani, wallahi da a nan zan zauna in gasu tare da kai. Ko in koyi tuƙin, in ka yarda ina da hannu."

"To ai saboda ke nake wannan wahalar! Ke ce ba kya iya barci cikin zafi."

"Ranar Alhamis maƙwabtanmu 'yan Omaha, can gida Nebraska, za su tashi, sun ba ni kujera a motarsu. Jikata za ta haihu a Mayu, ba zan ji labari a waya ba."

Delmar ya tsaya da wayoyi biyu a hannu, bai san wacce ce wacce ba.

"Esin fa?" ya ce.

Ta ja zif ɗin akwatin. "Mai da musu abinsu, Del. Ɗaya ya ishi mutum ɗaya."