Wasiƙar da ta fita da sunan Majo

Shekarun baya kaɗan, ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibitin ƙauye can gefen Attantane, na ga sanarwar horo na wata shida a Maradi. Raina ya biya ƙwarai. Sai dai ni kaɗai ce ungozoma a wurin, ga damina ta kama, ga Majo, shugabanmu, dattijo ne da ko gaisuwa da ka yake amsawa. Na ce a raina sai na samu tukuna zan gaya masa.

Ran da ya tafi taro Mayahi na lallaɓa na kunna ordinatar ofishinsa, wato kwamfuta. Na shiga intanet, na nemo shafin, na danna adireshin da suka sa. Sai wata taga daban ta buɗe da kanta, da wurin rubutu da komai. Ni kuwa uwar iyawa na zuba bayani da Faransanci, har da cewa inda nake babu mai koya mini komai. Na liƙa takarduna na aika.

Kwana goma ina hawa tudun bayan asibiti neman rezo, wato siginar waya, ina leƙa akwatin imel ɗina a waya. Shiru. Ko wasiƙar da na aika ban gani a ciki ba. Na kira ƙawata, sakatariya ce a Tasawa.

Ta ce, "Ke, kafin ki rubuta kin sa kalmar sirrinki?"

Na ce a'a, tagar ce kawai ta buɗe.

"Innalillahi! Shafin intanet ba ya aika wasiƙa da kansa, miƙawa yake ga manhajar wasiƙun da ke kan na'urar. To akwatin wa aka ɗaura mata?"

Na Majo mana. Wato da sunansa ta fita, kwafinta yana wurinsa, amsar ma shi za ta tarar.

Kwana uku ban ci abin kirki ba. Horon ma na haƙura da shi, layin nan na cewa babu mai koya mini komai ne ke ci mini rai, don mutumin nan shi ya riƙe mini fitila ran da na karɓi haihuwar farko, yana gaya mini inda zan sa hannu.

Ranar Alhamis ya ce, "Madam, zo."

Na shiga. Ya ce sun ɗauke ni, sun ba da kwana biyu a tabbatar, shi ya tabbatar tun wancan mako, ya kuma roƙi a aiko da wadda za ta riƙe wurina.

Na fara, "Majo, don Allah ka yi..."

Ya ɗaga hannu. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya buɗe manhajar, ya nuna mini inda ake ƙara akwati na biyu da inda ake duba sunan mai aikawa. Ya ce, "Zauna ki sa naki. Yau dai in koya miki abu guda kafin ki tafi."

Na gwammace ya zage ni, wallahi.

Yanzu ya yi ritaya, nakan je gaishe shi da salla, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ce dai har yau ba na aika wasiƙa sai na duba sunan da ke sama sau biyu, kuma duk dubawar sai kunyar nan ta dawo mini sabuwa.