Famfon Man da Na Ɗaura Kusa da Salansa

A duk shekarun da na yi ina aikin gareji, ranar da ban taɓa iya mantawa da ita ba ita ce Larabar da na sa hannu a takardar da ta kusa raba Baba Sale direba da aikinsa. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in bar muku wurin nan, shi zan ba ku, ko da yake ba labarin da ke ɗaga ni ba ne.

Cikin bazara ne, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ina makaniki mai daraja ta biyu a wani ƙaramin garejin hukuma a Dutsin-Ma, wata bakwai da fitowata daga makarantar koyon sana'a. Mai daraja ta biyu yana iya yin gyara shi kaɗai ya sa hannu a katin aiki, ba sai wani ya bi bayansa ba. Shugabanmu Foman Garba ne. Motoci uku muke kula da su, ɗaya ta masu allurar shanu, kuma Baba Sale ke tuƙa ta. Mutumin Dabawa ne, sa'an mahaifina, a soja ya koyi tuƙi. Bai yi boko ba. Ni kuwa na yi, kuma a lokacin ina ganin wannan ya isa ya raba mu.

Famfon mai shi ne ke jawo fetur daga tanki ya kai wa kafireta. Na asalin motar a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi. Robar cikinsa ta yage, aka duba sito babu irinsa. Sai Foman ya samo wani daga Kano, ba na kamfanin motar ba, kuma da batir yake aiki. Idan ka murɗa makulli sai ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, in kafireta ta cika ya rage, sannan ya yi shiru.

Muna da wata ƙa'ida a garejin, wadda kowa ya gada daga wanda ya koya masa: inda ka cire tsoho, nan kake sa sabo. Ƙa'ida ce mai kyau, ta hana mu ɓarna da yawa. Na cire tsohon famfon, na yanko ƙarfe na toshe gurbinsa, na huda ramuka huɗu a bangon da ke gefen injin, na ɗaure sabon a wurin don tiyon da ke nan ya isa ba sai na nemo wani ba. Bututun salansa na wucewa ta ƙarƙashinsa, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba. A cikin kwalin da famfon ya zo akwai wata takarda ta Turanci. Na kalli hoton da ke jiki, na ninke ta na jefa a durowa.

Baba Sale na tsaye a kaina, hannuwansa a baya.

"Malam Haruna, wurin ga ba zai sha zafi ba kuwa?"

"Baba, ƙarfe ne. Ba man shanu ba ne da zai narke."

Ya yi dariya ya ce, "To, ku ne masu takarda."

Washegari da ƙarfe bakwai na safe na gwada motar. Na zaga gari sau biyu, ba ta ko yi tari ba. Na sa hannu a katin aiki.

Ranar Talata aka shirya allura a Kurfi. Ga wanda bai san aikin ba: ruwan allurar a cikin akwatin ƙanƙara ake ɗaukarsa, in ƙanƙarar ta narke ya sha zafi, sai zubarwa. Su kuma Fulani ba sa tara shanu wuri ɗaya a bazara sai an yi ta roƙo, domin wunin da saniya ta yi a tsaye ba kiwo ba ruwa, a jikinta ake ganinsa. Malamin allura ya yi makonni yana bin Arɗo kafin a tsayar da ranar.

Baba Sale da masu allura sun tashi da hantsi. Kafin su yi rabin hanya mota ta mutu. Suka jira, ta tashi, ta yi ɗan nisa ta sake mutuwa. Haka suka yi ta fama. Sai bayan la'asar suka shiga Kurfi. Ƙanƙara ta zama ruwa, shanu sun watse tun azahar. An ce Arɗo bai ɗaga murya ba. Ya ce wa malamin allura, "Mun gode, Malam. Baɗi in kun zo, ku biyo mu daji."

Ranar Laraba da safe Foman ya ce in duba motar in rubuta rahoto, domin Katsina na son sanin wanda ya jawo asarar. Na murɗa makulli, ta tashi nan take. Na buɗe bonet, sai na ga an nannaɗe famfona da wani tsumma.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Baba Sale. "Jiƙa shi na riƙa yi da ruwan butata. In ya sha ruwa sai ta tashi. In za ta mutu kuwa sai ka ji shi yana ƙas-ƙas da sauri ba tsayawa, kamar mai haki. Ruwan ne ya ƙare mana."

A cikin waɗannan kalmomi ya gaya mini ciwon motar gaba ɗaya. Ban saurara ba. Abin da na ji kawai shi ne direba na cewa aikina ne ya kashe mota, a gaban Foman, kuma hannuna na kan katin.

Na buɗe murfin tanki na shinshina. Na ce ina jin warin kananzir. Gaskiya ne akwai warin, amma na san daga inda yake. Masu allura na ɗaukar risho da gwangwanin kananzir a bayan motar don tafasa allurai, duk motar warinsa take yi. Na sani sarai. Duk da haka na zauna na rubuta cewa famfo lafiyarsa ƙalau, ana zargin an gauraya fetur da kananzir, kuma direba ya taɓa kayan inji ba da izini ba. Ban rubuta kalmar sata ba. Ban buƙaci rubuta ta ba, kowa ya san abin da gauraya ke nufi: direba ya zuƙe fetur ya cike gurbin.

Da aka karanta masa, Baba Sale ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, ka shinshina da kyau?"

Na ce, "Na rubuta abin da na gani."

Aka ba shi takardar tuhuma, aka dakatar da shi, aka karɓi makulli. Tsarin shi ne bayan kwana tara wani jami'i zai zo daga Katsina ya saurari kowa. In zargin ya tabbata, kora ce, kuma direban da aka kora kan fetur ba ya sake samun mota a lardin.

Ranar Alhamis Foman ya ce a juye tankin a zuba sabon mai a gabansa, in tuƙa motar da kaina in kai wasu takardu Kurfi. Na tashi wajen sha ɗaya, rana ta take. Na wuce inda ta fara mutu musu, har na fara murmushi. Ban ƙara mil biyu ba ta soma fizga, ta yi tari, ta mutu. Cikin shirun na ji shi: ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, da sauri, ba tsayawa.

Na bi abin a tsare kamar yadda aka koya mini. Wuta na zuwa fulogi. Batir da ƙarfinsa. Wayar famfo ba ta saki ba. Na zare tiyon da ke shiga kafireta na murɗa makulli. Maimakon fetur ya zubo, sai tururi da 'yan tofe-tofe. Na ɗora hannu a kan famfon, na janye da sauri, fatar yatsuna biyu ta tashi. Zafin salansa ne ke tafasa man a cikin famfon, shi kuma ba ya iya tura tururi. Da safe ba ya yi, sai rana ta haɗu da zafin inji. Babu kananzir ko ɗigo a tankin nan, ni na zuba man da hannuna.

Na cire hulata na jiƙa ta da ruwan gorata, na ɗora a kai. Bayan ɗan lokaci motar ta tashi. Da dabarar Baba Sale na je Kurfi na dawo.

Da na iso na buɗe durowa na ɗauko takardar nan. Layi na biyu ne. A ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, nesa da duk wani abu mai zafi, domin irin wannan famfon turawa ya iya, ba ja ba. Ƙa'idarmu ta inda ka cire tsoho ba ta shafe shi ba, don ba irin tsohon ba ne.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. Foman ya tambaye ni yadda tafiyar ta kasance, na ce lafiya lau. Ranar Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, na tsaya a baya. Na kwance famfon, na shiga ƙarƙashin mota na ɗaure shi a jikin ƙarfen da ke gefen tanki, na ja sabon tiyo da waya. Ban samu sallar ba. Daga ranar motar ba ta sake mutuwa ba, kuma kowa a garejin ya ce ai ga shi, da aka canza mai ta warke. Ina ji ina yin shiru. Kwana bakwai na yi a haka.

Ranar sauraron magana Baba Sale ya zo da wuri, cikin farar riga. Kafin a kira mu ya je wajen motar, ya shafa ta, ya ɗaga bonet. Ina kallonsa daga bakin sito. Ya daɗe yana duban ramukan nan huɗu da babu komai a cikinsu. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya rufe bonet a hankali.

A ciki jami'in ya tambaye shi abin da zai ce. Na jira ya tona ni, har na shirya amsa.

"Ranka ya daɗe, ban sa kananzir ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran magana ta masu gyara ce."

Jami'in ya juyo gare ni. "Makaniki, kana nan kan rahotonka?"

Na buɗe baki in ce e. Sai na ji kaina ina cewa a'a. Na faɗi inda na ɗaura famfon, da tafiyar Alhamis, da aikin Juma'a, da rishon da na san da shi. Foman ya cire hularsa ya ajiye a tebur, bai dube ni ba. Aka soke tuhumar, aka mayar wa Baba Sale makulli. Ni aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, aka hana ni sa hannu a kati ni kaɗai har shekara guda.

Na sami Baba Sale a waje na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma takardarka a ofis ta tsaya, maganar kuwa ta riga ni isa Dabawa. In liman ba ya nan ni ke ba da salla a unguwarmu. Satin ga wani aka tura gaba, ina tsaye. Can za ka zo ka janye ta."

Na je ranar Asabar a kan keke. Bayan sallar la'asar na miƙe a ƙofar masallacin, a gaban dattawan da ban san ko ɗayansu ba, na ce ni ne makanikin da ya ce Malam Sale ya ci fetur, kuma ƙarya na yi don in rufe kuskurena. Wani tsoho mai sanda ya ce, "Yaro, kai da ka yi karatu?" Na ce ni ɗin. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka watse. Wasu sun ba Baba Sale hannu. Wasu sun sa takalmansu sun wuce.

Mun ƙara shekara shida muna aiki tare, bai taɓa tayar da zancen ba ko da wasa. Sai a wurin jana'izarsa wani maƙwabcinsa ya gaya mini cewa sun sha roƙonsa ya koma ba da salla, bai sake shiga gaba ba har ya rasu.

Ga abin da na ɗauka daga ciki, ku ɗauki wanda zai yi muku amfani. Kayan da ba na asalin mota ba yana zuwa da nasa sharuɗɗan, ku karanta takardarsa ko da kun ɗaura irinsa sau ɗari. Ku gwada mota a lokacin da direba ya ce tana yin ciwon, ba lokacin da ya yi muku daɗi ba. Direba bai san sunan abin ba, amma shi ya ji ƙararsa, ku bar shi ya gama magana. Kuma kada sunan mutum ya shiga rahotonku kafin ku ga laifin da idonku. Famfon nan awa ɗaya ya ɗauke ni in mayar da shi inda ya dace. Baba Sale kuwa ban iya mayar da shi inda na same shi ba.