Madarar da Kaka Ba Ta Samu Ba

A shekarar babban fari, a rugarmu kusa da Gazawa, hadari kan taso da tsawa, ya watse ba ko ɗigo. A irin wannan hadari aradu ta faɗa wa ƙanen mahaifina, Baffa Ila, yana kiwo. A al'adarmu madara sabuwar tatsa ake kwarara wa wanda aradu ta taɓa, don ta kashe wutar. Kaka, mahaifiyarsa, ta bi shanu ɗaya bayan ɗaya, hantsa duk ta bushe. Baffa ya tashi, amma wutar ta ƙona shi a gaba, aka ce haihuwa kam sai haƙuri. Farin nan ne kuma ya tafi da iyayena, ya bar ni da ƙanena a hannun Kaka.

Baffa ya daina zama cikin maza. Wata magariba muka ga ya ɗaure kayansa, da safe zai tsallaka Najeriya inda ba wanda ya san shi. Kaka ta iza wutar kara, ta kira mu tatsuniya da ƙarfi, sai ka ce mu kurame ne.

"Ga ta nan tahe, mai kunne shi tara!"

Wai wani bijimi aradu ta taɓa, ya daina barbara, mai shi ya ce a kai wa mahauta. Kafin ranar kasuwa fari ya kashe shanun, ya bar maruƙa suna kuka. Bijimin kaɗai ya san hanyar tsohuwar rijiya. Ya shige gaba, suka bi shi har suka sha.

"Kaka, to ɗiyan wa ne maruƙan?" in ji ƙanena.

"Ji wawa! Ɗiyan wanda ya kai su ruwa mana."

Daga bayan bukka muka ji Baffa ya yi tari. Gari ya waye kayan suna nan a ɗaure, shi kuwa ya saɓa ƙanena a wuya sun tafi rijiya.

Da na girma, wani likita a Agiye ya bayyana mini cewa wutar aradu, kamar ta lantarki, tana ƙona 'ya'yan maraina ta kashe iri, kuma madara ko ta cika masaki ba za ta hana ba. Na so a ce Kaka tana raye in gaya mata, don har ta rasu tana ganin laifinta ne. Wannan yana ci mini rai har yau.

Ban taɓa jin tatsuniyar nan a bakin kowa ba. Ina zaton a zaune gaban wutar nan ta ƙaga ta: madara ta gagare ta, sai ta kwarara wa ɗanta abin da take da shi. Mu dai tun daga safiyar rijiyar nan ba mu sake ce masa Baffa ba, sai Baba.