Rediyon Kwando na Baba Datti

Baba Datti manomin tumatir ne a ƙauyenmu kusa da Bunkure, amma ba a tuna shi da noma, don kullum tsutsa ke cinye rabin gonarsa. Bakinsa ake tunawa.

Daren zaɓen 1983 muna teburin mai shayi muna jiran sakamako, sai batirin rediyo ya mutu. Hambali da Surajo, waɗanda magudanar ruwa ɗaya ke shayar da gonakinsu amma jam'iyya ta raba su, har sun cakumi wuyan juna. Sai Baba Datti ya kifa kwandon tumatir a kansa, ya shaƙe murya kamar mai karanta labarai.

Ya ce, "Sakamako daga Kura: Albasa ta kayar da Tumatir. Tumatir ya ce maguɗi ne, ya yi jajir don fushi. Sanarwa kuma: ko wa ya ci, gobe Hambali da Surajo ne da yashe magudana."

Dariya ta sa suka saki juna. Da safe muka gan su tare, kowa da shebur.

Kafin shekarar ta fita soja sun kifar da waɗanda suka ci. Magudanar nan kuwa har yau tana gudu.