Butar Hajiya Yalwa

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na je Kabara na hana 'ya'ya yi wa uwarsu hidima ba. A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ne, ina ƙaramar ma'aikaciya a sashen gashi na asibitinmu. Don waɗanda ba su san aikin ba, likita ke rubuta magani, mu kuma mu gasa gaɓɓai, mu motsa su, mu duba abin da mara lafiya ke iya yi da jikinsa.

Akwai wata dattijuwa, Hajiya Yalwa, mai fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kumbura yatsu da wuyan hannu, ya sanƙarar da su da sassafe. Magani ya karɓe ta, kumburi ya saɓe, amma kullum ƙarfin hannun raguwa yake yi. In an tambaye ta kuwa amsarta ɗaya ce, "Da sauƙi." Abin ya ishi shugabar sashenmu, ta ce, "Rabi, je ki gidan ki gano mana. Hannu ba ya lalacewa haka kawai."

Da hantsi na isa, na same ta a kan katifa, surukai da jikoki sun kewaye ta. Wannan na riƙe mata kofi a baki, waccan na gyara mata ɗankwali. Na miƙa mata ƙwallon roba ta matsa, wata jika ta yi caraf ta karɓe, wai kada Hajiya ta wahala. Dariya ta so kufce mini, na dai daure na roƙe su su ba mu wuri.

Sai da ɗaki ya yi shiru ta rage murya. "'Yata, abu ɗaya nake so. In ɗauki butata in kewaya ni kaɗai. Matar ɗana ke zuba mini ruwa. Har shan ruwa na rage don kada in tashi." Wallahi tausayinta ya kama ni, dariyar ta gudu.

A zaure na tari babban ɗanta, Alhaji Sani, ɗan kasuwa a Kurmi. Na ce a bar Hajiya ta riƙa 'yan aikace-aikace. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Malama, so kike a ce a unguwa mun sa Hajiya aiki? Mu da muke neman albarka?"

"Alhaji, gaɓar da ba a motsawa ƙagewa take yi. Ranar da ciwon ya tashi ku bar ta ta huta. Sauran ranaku kuwa, hidimarku ce ke kashe hannun."

Da ƙyar muka daidaita. Za a ajiye mata ruwan ɗumi a filas ta tsoma hannu da asuba, a sayo ƙaramar buta a naɗe mariƙinta da tsumma don ta riƙu, a sa mata kujera a bayi. Da rana ta tsince shinkafa a faifai, ta ɓare gyaɗa. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: in an yi baƙi, a tura faifan ƙarƙashin gado. Na ce na yarda, ai baƙi ba kwana suke yi ba.

Bayan 'yan watanni sai ga ta a sashenmu, riƙe da butar, wai ta kawo in gani. Yatsun na nan a karkace, don ciwon ba ya barin mutum, amma riƙon ya yi ƙarfi. Alhaji ya kai hannu zai karɓar mata, ta make hannun, sai da masu jiran layi suka waigo. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "'Yata, gaya wa wannan, tun watan jiya nake kewayawa ni kaɗai."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga aikin nan, kada ku tsaya a kan magani da "da sauƙi". Ku tambayi wa ke ɗaukar buta a gida. A garin nan ba mu cika fama da masu yasar da iyayensu ba, masu son su fiye da kima ne ke ba mu aiki.