Lissafin da Malam Ya Bari a Kan Yashi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran maigidana, malamin lissafi na ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye.

A gidanmu na unguwar Farcha Malam bai taɓa kafa allo ba. Bayan la'asar ɗalibansa masu shirin bak, jarrabawar gama sakandare, sukan cika tsakar gida, in yayyafa wa yashi ruwa don zane ya fito, shi kuma ya tsuguna da tsinke. Sai ya ja layi mai lanƙwasa, ya yayyanka ƙarƙashinsa siri-siri kamar mai kilishi, ya ce a tara yankan duka. Antegiral suke ce masa. Da safe in share, da yamma a sake. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ni ko ƙurarta ba ta taɓa ni ba.

Yanzu ina unguwar Atrone wurin ɗana. 'Yarsa Habiba ta faɗi bak bara, a kan wannan lissafin. Ubanta ya rantse in ta sake faɗuwa bana karatu ya ƙare, sai rumfar gwanjo a kasuwar Dembe. Ajinsu ya cika maƙil, malaminsu gudu yake yi, darasin da take kallo a waya kuma Faransancinsa ya fi ta sauri. Da Malam na nan me zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba, cewa zai yi in kawo ruwa.

Ranar Juma'a Habiba ta zauna kusa da ni ta ce, "Kaka, ke da kika tsufa a gindinsa, yaya yake bayaninsa?"

Na jiƙa ƙasa, na ja layin, na yayyanka shi, har da doguwar ƙugiyar da yake sawa a gefe. Hannuna bai manta komai ba.

Ta yi dariya. "Tsohuwa, ashe furofesa muke da ita a gida! To, daga nan sai me?"

Na ce ban sani ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ta daɗe a tsugune tana kallon ƙasa har zanen ya bushe.

Ɗalibansa sun watse cikin duniya, ban san ƙofar ko ɗaya ba. Abin da ya rage na Malam a gidan nan zane ne a hannun wadda ba ta iya karanta shi. Jarrabawa ta ƙarato. In cikin masu karanta wannan akwai wanda ya taɓa tsugunawa gabansa, don Allah ya zo ya gaya wa yarinyar nan abin da ke biye. Ni iyakata ke nan.